Waiwaye: Dafin da ke kwance a lakar bakin teku

Duk lokacin da batun masu haƙar ma'adinai ya taso a Bauchi, muhawarar ba ta wuce ramukan da aka bari a gonaki da ruwan rafi da ya koma ja. Can kudu kuma ana ta cacar baki kan kifi da jatan landen bakin teku, irin wanda ake auna wa mata a kasuwar Wunti. Kamar zance biyu ne, amma igiya ɗaya ta ɗaure su: dafin ƙarfe da ruwa ke kwasowa daga wurin haƙa zuwa teku. Kogin Gongola ya ratsa Bauchi da Gombe, ya faɗa Binuwai a Numan, Binuwai ya haɗu da Neja a Lakwaja, daga nan sai teku.

Farkon labarin sananne ne. A 1956 aka gano cutar Minamata, mai sunan wani gari na bakin teku a Japan, inda zaiba, wato makyuri, ta shiga kifi ta lalata jijiyoyin masu cinsa. A Toyama ta Japan kuma kadmiyam, wani ƙarfe mai dafi, ya bi ruwan ban shinkafa ya lalata ƙasusuwan mutane. Nan gida, gubar dalma ta kashe yara fiye da 400 a Zamfara a 2010.

Abin da ba a cika ambata ba ya faru ne a Sweden a 1969. Kafin nan, tunanin da aka fi yi shi ne ƙarfe mai nauyi, irin su zaiba da dalma da kadmiyam, in ya nutse cikin laka, shi ke nan an binne shi. Sai masu bincike biyu, Sören Jensen da Arne Jernelöv, suka zuba zaiba a lakar ƙasan ruwa, suka nuna cewa ƙwayoyin halittar da ke cikin lakar suna juya ta zuwa metilmakyuri, nau'in da jiki ke shanyewa kusan gaba ɗaya, mai kuma isa ƙwaƙwalwa da ɗan tayi. Ashe lakar da aka ɗauka kabari tukunya ce. A 1985 aka gano cewa bakteriya masu rayuwa da salfet, wani nau'in gishiri da ke narke a ruwa, inda babu iska su ne manyan masu wannan aiki a bakin teku, kuma ruwan gishiri cike yake da salfet.

Ƙarfen ba ya son yashi mai tsakuwa. Yana manne wa yumɓu da ruɓaɓɓen ganye, ƙwayoyi masu laushi kamar gari, da ba su kai maikuromita 63 ba (maikuromita ɗaya kashi ɗaya ne cikin dubu na milimita). Da ruwan kogi ya haɗu da na gishiri, sai su dunƙule su zauna a ƙasa. Tsutsa da jatan lande su ci lakar, ƙaramin kifi ya ci su, babba ya ci ƙarami, kowane mataki zaibar na ƙaruwa. Tana ɗaure ne da tsokar kifin, don haka suya ko banda ba sa fitar da ita.

Shi ya sa gwajin ruwa kaɗai kan yaudari mutane: kwalba ta fito fes, alhali dafin na ƙasa. Mai gwaji na ƙwarai laka yake ɗiba. Yakan kafa bututun roba ya zaro ta, ya yanka faifai-faifai, na sama na bana, na ƙasa na shekarun baya. Cokalin ƙarfe yana gurɓata samfurin, sai na roba. A tace da rariyar nailan, a busar ba da zafi mai yawa ba, domin zaiba na tashi da zafi, sannan a narkar da asid a auna. In ba a tace ba, yashi zai rage adadin, wuri mai dafi ya fito kamar lafiyayye.

Gyara kuwa akwai tsada. Daga 1977 zuwa 1990 aka yashe lakar bakin tekun Minamata da zaibarta ta wuce miligiram 25 a kilo, kimanin kubik mita miliyan 1.5, aka rufe ta ƙarƙashin sabon fili mai hekta 58. Sai a 1997 aka cire ragar da ta killace kifin wurin. Yashe laka da garaje ma illa ce, domin iska na taɓa baƙar lakar nan mai warin ruɓaɓɓen ƙwai, salfayid, sinadarin cikin lakar da ya riƙe dalma da kadmiyam, sai ya sake su cikin ruwa.

Yarjejeniyar Minamata ta 2013, wadda ƙasashen duniya suka ƙulla kan zaiba, ta kuma fara aiki a 2017, ta sa ido kan ƙananan masu haƙar zinare, domin su ne suka fi kowa sakin zaiba a duniya. Mai wanke zinare a bakin rafi yana murza zaiba da garin dutse a kwano, ya ƙona dunƙulen, ya zubar da sauran. Kafin abin da ya zuba a Gongola ya kai teku, sai ya fara kwanciya a inda ruwa ya lafa, kamar bayan madatsar Dadin Kowa, inda masunta ke jefa taru.