Maki uku a faifai: dokar da ke wahalar da kwamfuta a hokin jami'o'in Amurka

A gasar hokin ƙanƙara ta maza ta jami'o'in Amurka, inda aka kasa ƙungiyoyi rukuni-rukuni, kowane wasan rukuni maki 3 ake ajiyewa a faifai. Wanda ya ci cikin mintuna 60 na ƙa'ida ya kwashe duka. In an tashi canjaras sai a ƙara mintuna 5, 'yan wasa uku-uku ban da masu tsaron raga. In har lokacin ba a rabu ba, sai bugun daga kai sai mai tsaron gida. Da zarar an shiga ƙarin lokaci, makin ya zama na rabo: mai nasara 2, wanda ya sha kashi 1. Haka rukunonin Hockey East da Big Ten da NCHC suke lissafi.

Nan kwamfutar da ke hasashen yadda teburin maki zai ƙare take tuntuɓe. Tana iya auna ƙarfin ƙungiya daga wasannin baya, amma ba ta san ko za a ci a minti na 59 ko na 61 ba, alhali tsakanin biyun akwai maki guda cur. Wasa ne da ba a cika zura ƙwallaye da yawa ba. Mai tsaron raga ɗaya ya tashi da sa'a, ya ɓata lissafin mako guda. Ga kakar gajeriya: a Hockey East ƙungiyoyi 11 ne, kowacce wasa 24, kuma ba daidai suke karawa da juna ba. Wani ya haɗu da gwani sau uku, wani sau biyu. Ni ban ga laifin na'urar ba, abin da aka ba ta ne bai kai ba.

Hukumar NCAA, mai kula da wasannin jami'o'in Amurka, kuma da nata ma'aunin daban. Ƙungiyoyi 16 take ɗauka zuwa gasar ƙasa: 6 da suka ɗauki kofin rukunoninsu a wasannin cin kofi na ƙarshen kaka, sauran 10 lissafi ke zaɓensu. Tsarin lissafi mai suna PairWise aka daɗe ana amfani da shi, daga kakar 2025-26 aka koma wani mai suna NPI. A wurin NCAA wasan da aka raba da bugun daga kai sai mai tsaron gida canjaras ne kawai, kuma nasarar waje ta fi ta gida nauyi. Ana duba har ƙarfin waɗanda ka kara da su, don haka wasan da aka buga a Alaska yana iya motsa ƙungiyar Boston tana zaune a gida.

Sai kuma wata ƙungiya da ke can ƙasan teburi ta yi bazata ta ɗauke kofin rukuninta. Gurbinta ya tabbata, ita kuwa wadda lissafi ya ajiye a bakin ƙofa ta tattara kayanta.