Cajin motar lantarki: me ya sa ake tsayawa a kashi 80?

Kuɗina na sa na sayi mota, don me zan bar kashi 20 na batir ba caji?

Domin batirin lithium ba ya son zama cike fal. A motoci da yawa kowace ƙwayar batir tana kai kusan volt 4.2 idan ta cika, kuma a wannan matakin ne sinadaran cikinta suka fi saurin lalacewa. Zafi kuma yana ƙara rura abin. Mu nan Maradi, a Afrilu da Mayu zafin rana kan haura digiri 40. Motar da aka cika 100 aka bar ta a rana bakin kasuwa tun hantsi har la'asar ta gamu da abu biyu da batir ya fi ƙi. Ba yau za ka ga illar ba. Sai bayan shekaru, idan nisan da take kai ka ya soma raguwa.

Ke nan kada in taɓa kai 100?

A'a. Mai tafiya Damagaram, kusan kilomita 240, balle Yamai da ta wuce 600, ya cika abinsa. Abin gudu shi ne ta daɗe ajiye a cike. Daidaita lokaci yadda cajin zai ƙare dab da tashinka. In kuwa ajiye ta za ka yi na makonni, bar ta wajen kashi 50, a inuwa.

Duk batura haka suke?

Nan mutane ke ruɗewa. Maganar 80 ta fi shafar batura masu nikel da kobalt. Akwai wani nau'in, LFP (batirin lithium mai sinadaran ƙarfe da fosfat), irin batirin Blade da kamfanin BYD ya fito da shi a 2020, wanda ya fi jure cikawa. Kamfanin motocin lantarki na Tesla ma yana ba masu irin wannan batir shawarar su kai 100 aƙalla sau ɗaya a mako. Dalili kuwa, ƙarfin wutar LFP ba ya sauyawa sosai tsakanin rabi da kusan cika, sai kwamfutar motar ta riƙa kuskuren lissafin abin da ya rage. Cikawar ce ke daidaita mata lissafi. Saboda haka tun kafin ka biya dillali, tambaye shi wane batir ke ciki, ka kuma duba littafin motar da idonka.

A ina ake sa iyakar?

A allon motar, sashen caji, ko a manhajar waya. Motar da ba ta da wannan tsari, sai ka zare wayar cajin da kanka.

To idan wuta ba ta da tabbas fa?

A ganina, kada tsoron lalacewar batir ya sa ka maƙale a hanya. Lokacin da ɗaukewar kuran ta yi yawa, ɗaga iyakar zuwa 90, ka nema wa motar rumfa.