Ƙwayar sola ta ferobskait da matsalar zafi

Ferobskait sunan wani ma'adani ne da Gustav Rose ya gano a tsaunukan Ural na Rasha a 1839, aka raɗa masa sunan Lev Perovski. Wanda ake sola da shi yanzu ba wannan dutsen ba ne, haɗi ne na dalma da aidin da wani sinadari na uku da ake yi a ɗakin gwaji, tsarin ƙwayoyinsu ne ya zo ɗaya.

Tarihi

A 2009 ne Tsutomu Miyasaka da abokan aikinsa a Japan suka fara gwada shi, kashi 3.8 cikin ɗari kawai na hasken rana ya koma lantarki, kuma cikin mintuna ruwan sinadarin da aka zuba cikin ƙwayar solar don ɗaukar wuta ya narkar da shi. Wajen 2012 aka cire ruwan aka sa abu mai tauri, sai aiki ya yi gaba, yau ya haura kashi 25, wanda aka ɗora kan silikon, wato abin da ake yin solar da aka saba da shi, kuwa ya wuce 33. Abin takaicin dai shi ne ƙarko, don sola na silikon garantin shekara 25 ake ba shi, na ferobskait kuwa yakan lalace da wuri.

Abin da zafi ke yi

Faifan sola in ya sha rana yakan kai digiri 65 ko fiye. Tsohon haɗin mai metilamoniyam, wato sinadarin nan na uku, tun a digiri 85 yake fara rugujewa ko babu danshi, sinadarin ya fice kamar iska, shimfiɗar ferobskait ɗin da take baƙa wuluk ta koma rawaya, wato dalma da aidin ne suka rage. Ga aidin ɗin shi ma ba ya zama wuri ɗaya, yana tafiya har ya iske azurfar da ke ɗauko wutar ya cinye ta, in kuma zinare aka sa maimakon azurfar, shi ma yakan kutso cikin shimfiɗar.

Gyara

An maye gurbin metilamoniyam da wasu sinadarai biyu, fomamidiniyam da siziyam, haɗin da ya fi jure zafi. Ana kuma shafa siririyar shimfiɗa a sama don tare aidin, wasu su sa kabon maimakon azurfa, sannan a rufe da gilashi sama da ƙasa a liƙe gefuna da roba. Gwajin da ake auna su da shi mai tsanani ne, awa 1,000 a digiri 85 da danshi kashi 85.

Kamfanin Oxford PV ya fara sayar da nasa faifan mai ferobskait a 2024. Batun gubar dalma har yanzu ana muhawara a kai.