Ɗari-ɗari da Allurar Rigakafi a Lokacin Juna Biyu

Ɗari-ɗari da rigakafi shi ne jinkirta karɓar allura ko ƙin karɓarta gaba ɗaya, alhali tana nan a asibiti. A shekarar 2019 Hukumar Lafiya ta Duniya ta saka wannan hali cikin manyan barazana goma ga lafiyar al'ummar duniya. Ga mai juna biyu abin ya fi tsanani, domin rai biyu take tunani, kuma mafi yawan tsoronta na abin da ke cikinta ne.

Allurar da aka fi yi wa masu ciki a wajen awo ita ce ta tetanus, cutar da ke sandarar da jiki ta sarƙe haƙora. Jariri kan kamu da ita ta cibiya, idan an yanke da rezar da ba ta da tsabta ko an shafa wani abu mai datti. Bayan kwanaki kaɗan sai ya daina kama nono, jikinsa ya ƙage. Idan uwa ta karɓi allurar, garkuwar da jikinta ya samar takan ratsa mabiyiya ta isa ga ɗan tun yana ciki. Ana yin biyu da tazarar aƙalla mako huɗu, ta biyun kafin haihuwa da mako biyu ko fiye. Cikon biyar kuwa kan kare mace tsawon shekarun haihuwarta. A 1988 an ƙiyasta jarirai kusan 787,000 ne cutar ta kashe a duniya; zuwa 2018 adadin ya sauko kusan 25,000.

A wasu ƙasashe ana ƙara allurar mura da ta tarin shiƙa, wadda Ingila ta fara yi wa masu ciki a 2012. Akwai kuma waɗanda likitoci da kansu ke hanawa, irin ta ƙyanda da rubela (wata cuta mai kama da ƙyanda), saboda suna ɗauke da ƙwayar cuta mai rai da aka raunana. Wannan bambanci kan rikita mutane, har a ɗauka duk allura haɗari ce.

Tsoron yana da tushe a tarihi. Ƙwayar maganin talidomaid da aka riƙa bai wa masu laulayi a ƙarshen shekarun 1950 ta sa an haifi dubban jarirai da nakasa, kuma ko da yake ba rigakafi ba ce, tun daga nan ake cire masu ciki daga gwajin magunguna. Haka aka yi a gwaje-gwajen farko na rigakafin korona a 2020, sai mata suka rasa amsa mai gamsarwa a lokacin da suka fi buƙatarta. Jita-jitar hana haihuwa ita ce ta fi yaɗuwa: a 2014 limaman Katolika a Kenya sun yi wannan zargi kan allurar tetanus, gwamnati da Hukumar Lafiya ta Duniya suka musanta. Irin zargin ne ya tsayar da rigakafin shan inna a Kano a 2003, inda mutane ba su manta da gwajin maganin Trovan da aka yi wa yara masu sanƙarau a 1996, wanda aka zarga da cutar da wasunsu, ba.

A ƙasar Hausa shawarar ba ta matar kaɗai ba ce. Sai miji ya yarda, wani lokaci da surukuwa. Mai cikin fari kan ɓoye cikin don kunya har wata shida ko bakwai, ta zo awo a makare, a yi mata allura ɗaya, ta biyun ta wuce. Sau da yawa ma'aikaciyar jinya kan rubuta irin wannan a matsayin ƙi, alhali nisan asibiti da kuɗin mota ne suka hana ta dawowa.