Maryam Babangida

Maryam Babangida (1948 zuwa 2009) matar tsohon shugaban mulkin soja na Najeriya ce, Janar Ibrahim Badamasi Babangida, kuma ita ce uwargidan shugaban ƙasa daga Agustan 1985 zuwa Agustan 1993. Kafin zamaninta ba kasafai ake jin ɗuriyar matan shugabannin ƙasar ba. Ita ce ta mayar da wannan matsayi, wanda tsarin mulki bai ko ambace shi ba, ya zama ofis mai ma'aikata da shirye-shirye da wakilci a kowace jiha.

An haife ta a Asaba ranar 1 ga Nuwamba 1948. Mahaifinta Ibo ne ɗan Asaba, mahaifiyarta kuwa Bahaushiya ce daga yankin da yake jihar Neja a yau. A Kaduna ta tashi, ta yi karatu a Kwalejin Sarauniya Amina, daga baya ta koyi aikin sakatariya. Ta auri Babangida ranar 6 ga Satumba 1969, lokacin yaƙin basasa bai ƙare ba, Allah ya ba su 'ya'ya huɗu. Da mijinta ya zama babban hafsan sojan ƙasa, sai ta jagoranci ƙungiyar matan hafsoshin soja, a nan ne ta fara gogewa da harkar jama'a.

Aikin da aka fi saninta da shi shi ne shirin Better Life na kyautata rayuwar matan karkara, wanda aka ƙaddamar a 1987. Matan gwamnoni ne ke riƙe da shi a jihohi, matan shugabannin ƙananan hukumomi kuma a yankunansu. Ta wannan hanya aka kafa ƙungiyoyin gama kai na mata, aka raba injinan niƙa da na sarrafa amfanin gona, aka buɗe azuzuwan yaƙi da jahilci, aka kuma riƙa shirya kasuwannin baje koli inda matan ƙauye ke kawo tabarmi da tukwane da saƙa da rini su sayar da hannunsu. A 1991 aka ba ta lambar yabo ta Afirka kan yaƙi da yunwa, tare da Wangari Maathai, 'yar fafutukar kare muhalli ta Kenya. Cibiyar bunƙasa mata ta ƙasa da ke Abuja, wadda yanzu ke ɗauke da sunanta, gadon wannan shiri ce.

Kwarjininta da tsarin adonta, musamman tufafin gargajiya da ɗaurin kallabinta, sun sa mata da dama koyi da ita, amma kuma nan ne masu suka suka samu abin kamawa. Shirin ya zo daidai da tsarin tsuke bakin aljihu na SAP, lokacin da darajar naira ta faɗi, talaka yana ji a jikinsa, don haka wasu suka ce matan manya na birni sun fi na karkara cin moriyarsa, suka kuma nemi sanin inda kuɗinsa ke fitowa. Haka nan da aka ƙirƙiro jihar Delta a 1991 aka sa hedikwatarta a Asaba, mutane da yawa sun danganta zaɓin da ita. Sukar tana da tushe, sai dai ba ta shafe cewa a zamaninta ne maganar matan karkara ta shiga fadar gwamnati ba, kuma Maryam Abacha, matar Janar Sani Abacha, ta bi wannan sawu da nata shirin tallafa wa iyali.

Bayan barin mulki ta koma Minna, inda ta mai da hankali kan makarantar El-Amin da ta kafa. Ta rasu ranar 27 ga Disamba 2009 a wani asibiti a Los Angeles ta Amurka, bayan fama da ciwon daji, tana da shekara 61. An yi mata sutura a Minna.