Kauce wa kuɗin caji a cinikin mutum da mutum

Kauce wa kuɗin caji shi ne dabarar da mai saye da mai sayarwa ke yi don kada banki, manhajar biyan kuɗi ko gwamnati su yanki wani abu daga kuɗin da aka tura ta waya. An fi ganinta a cinikin da ba na shago ba, kamar wanda ya tallata tsohuwar wayarsa ko babur ɗinsa a Facebook ko a shafinsa na WhatsApp. A Jos abin ya ƙaru bayan ƙarancin takardun naira na farkon 2023, lokacin da har mai tumatir a kasuwar Farin Gada ya koma karɓar tiransifa.

Abin da ake gudu

Bisa ƙa'idar Babban Bankin Najeriya ta 2020, tura kuɗi zuwa wani banki ya riƙa cin naira 10 in bai wuce 5,000 ba, naira 25 har zuwa 50,000, naira 50 in ya haura haka, ban da harajin VAT. Akwai kuma naira 50 na gwamnati a kan duk kuɗin da ya kai 10,000, wanda Dokar Kuɗi ta 2020 ta kafa, aka kuma fara cirarsa a manhajoji irin su OPay da Moniepoint a Disamban 2024. Da yake a lokacin daga asusun mai karɓa ake cira, daga nan aka riƙa jin mai kaya na cewa "tura 9,999", ko a raba 18,000 gida biyu. Sau da yawa wahalar ta fi ribar: ta banki, bisa farashin 2020, turawa ta biyu tana cin kusan naira 27, abin da aka tsira da shi bai kai kuɗin ruwan leda ba.

A ƙasashen waje muhawarar ta fi zafi a kan PayPal, kamfanin biyan kuɗi ta intanet mai hanyoyi biyu: ta 'yan uwa da abokai, da ta kaya da aiki. A ta biyun ana cire kaso daga hannun mai sayarwa, mai saye kuma yana da damar neman a mayar masa da kuɗinsa in kaya bai zo ba. Ta farkon ba ta da wannan kariya, kuma sharuɗɗan kamfanin sun hana mai sayarwa ya nemi a biya shi ta can.

Hukuncinsa a ɗabi'a

Ba duka dabarun ne suka zama ɗaya ba. Wanda ya ce a haɗu a kasuwar Taminus ta Jos, a duba waya, a ba shi kuɗi hannu, bai yi wa kowa ƙarya ba. Hanya mai araha ya zaɓa. Raba kuɗi gida biyu ya faɗa tsakiya: wasu na ganin doka ce ta ja layi, shi kuma ya tsaya a bayansa, wasu na kiransa hila, wato bi ta bayan gida don kauce wa haƙƙi.

Inda maganar ta yi nauyi shi ne a kira kuɗin ciniki kyautar 'yan uwa, wato a tura shi ta hanyar PayPal ta farko. Nan an yi ƙarya, an kuma saɓa sharaɗin da mutum ya amince da shi ran da ya buɗe asusu, ga shi hadisi ya ce Musulmi suna kan sharuɗɗansu. Masu kare abin kan ce kamfanin ya ƙoshi, ba zai ji a jikinsa ba. Amma ba kamfanin kaɗai abin ya shafa ba. Mai sayarwa ne ke cin rangwamen, mai saye ne ke ɗaukar kasada, galibi ba tare da an gaya masa abin da ya rasa ba. In wayar ta iso garin Bukur da fasasshen gilashi, ko ba ta iso ba sam, ba shi da wurin kai ƙara sai lambar mutumin, wadda wataƙila an riga an kashe ta.

Shi ya sa wasu ke faɗa tun wurin yanke farashi: "Alhaji, caji a kanka ne ko a kaina?"