"Fly fishing" ba kamun kifi da ƙuda ba ne

Tun da bidiyon Turawa masu tsayawa tsakiyar kogi suna wulwula igiya ya cika Facebook da TikTok, kalmar "fly fishing" ta shiga bakin mutane, kuma kusan duk mai fassara ta sai ya ce "kamun kifi da ƙuda". Wani ma yakan zarce ya ce "kamun kifi mai tashi", sai ka ce kifin ne ke da fiffike. Wannan na biyun abin dariya ne, a bar shi. Na farkon ne ke ɓata rai, don yana kama da daidai, har mai sauraro ya ɗauka an kamo ƙudan bola ne an soke a ƙugiya yadda yaro ke soka tana.

Babu ƙuda a lamarin, babu ma koto mai rai. Abin da suke kira "fly" ƙugiya ce da aka yi wa sutura da zare, ulu, gashin zakara ko gashin barewa, don ta yi kama da abincin kifi. Wata tana kwaikwayon ƙwarin ruwa, wata fara ko tururuwa, wata matsattsaku, wata ɗan kifi, har akwai mai siffar kwaɗo da ɓera. To ɓera kuma ina haɗinsa da ƙuda? Dabarar ma tsohuwa ce: wajen shekara ta 200 miladiyya marubucin Rum mai suna Aelian ya bayyana yadda mutanen Makidoniya ke naɗa jan ulu da gashin zakara biyu a ƙugiya suna kama kifi.

Amma ko koton kwaikwayon ba shi ne asalin ma'anar ba, kuma nan ne masu fassara ke yin sake. A fatsar da muka sani, dalma ko koto ne ke da nauyi, shi ake jefawa ya ja zare. A nan abin a juye yake. Ƙugiyar da aka yi wa gashi ba ta da nauyin da za ta yi nisa, don haka igiyar ce ake jefawa, ita ke ɗaukar ƙugiyar. Shi ya sa igiyar take da kauri da rufin roba, kuma ake ba ta lamba gwargwadon nauyin ƙafa 30 na farkonta. Lamba 5 tana da kusan giram 9, ita ce ta gama-gari ga tirawut, wani kifin kogunan ruwan sanyi, da sanda mai tsawon ƙafa 9. Lamba 8 ta kusa giram 14, ita ake ɗauka don bas, wani kifin tafkuna da koguna na Amurka. A bakin igiyar ana ɗaura zaren nailan marar launi, kamar ƙafa 9, mai sirancewa har zuwa ƙugiya, don kada kifi ya ga igiyar. In dole sai an ba abin sunan Hausa, "fatsar jifan igiya" ta fi kusa da gaskiya.

Wulwulawar da ake gani a bidiyo ba burga ba ce. Ana kaɗa sandar baya a tsayar da ita cak, a jira igiyar ta miƙe a iska, sannan a turo ta gaba a sake tsayarwa. Wanda ya yi garaje bai jira ba zai ji ƙara kamar ta bulala, kuma sau da yawa ƙugiyar ce ta tsinke ta tafi. Wanda ya sa ƙarfi da yawa tun farkon turowa sai zaren ya harɗe ya ƙulle kansa, ya ɗora wa iska laifi, alhali hannunsa ne. Bayan ƙugiyar ta sauka kuma, gudun ruwa na jan tsakiyar igiyar, sai koton ya riƙa gudu fiye da kumfar da ke kusa da shi. Tirawut na ganin haka zai ƙi, don ƙwaro na gaske ba ya tsere wa ruwa. Maganinsa a ɗaga igiyar a juya ta zuwa wajen da ruwan ke tahowa ba tare da an motsa koton ba.

Sai maganar zafi, wadda ke tasowa duk watan Yuli da Agusta a Amurka. Tirawut kifin ruwan sanyi ne, ya fi walwala tsakanin digiri 10 zuwa 18 a ma'aunin Salshiyas. Ruwa kuwa yana ƙara ɗumi iskar oksijin da ke cikinsa na raguwa: kimanin miligiram 11 a lita ɗaya a digiri 10, ya sauko kusa da 8 a digiri 25, daidai lokacin da jikin kifin ke ƙara buƙatarta. Da ruwa ya kai digiri 20, masu abin sukan naɗe igiya. Dalili shi ne yawancinsu kamawa suke su saki, kuma kifin da aka wahalar a ruwa mai ɗumi yakan yi iyo ya tafi kamar lafiya lau, sannan ya mutu daga baya. Kamawa a saki abu ne da ke yi wa Bahaushe wuyar haɗiya, kuma ban ga laifinsa ba, domin wanda ya kama ya gasa ya ci ya fi gaskiya a kan wanda ya ɗaga kifi sama minti biyu yana hoto da tsakar rana, ya mayar da shi, yana yabon kansa da tausayi.

A jihar Montana akwai doka a kan haka: idan zafin kogi ya kai digiri 73 na Faranhait, wato kusan 23 na Salshiyas, kwana uku a jere, ana hana fatsa daga ƙarfe 2 na rana zuwa 12 na dare. Suna kiran dokar da sunan kukan mujiya, sunan da aka aro daga masu saran itace na da, waɗanda in fari ya yi tsanani sukan fita tun mujiya na kuka su tashi kafin rana ta take, don gudun gobarar daji. Mai neman tirawut a wannan lokaci yakan rataya ma'aunin zafi, ya fito da asuba, ya nufi rafukan kan dutse ko ƙasan madatsar ruwa inda ruwa mai sanyi ke fitowa. Yana sa zare mai ɗan kauri don ya jawo kifin da sauri, ya danne kaifin baya na ƙugiya, ya jiƙa hannu, ya cire ta kifin na cikin ruwa.

Bas kuwa zafin nan bikinsa ne, musamman mai babban baki da ke tafkuna masu ciyawa. Ana jefa masa koto mai yawo a saman ruwa, na toshiyar kwalba ko soso, kusa da ganyen bado da sassafe ko dab da magariba. A bar shi har zoben ruwan ya lafa, sannan a fizga igiyar kaɗan ya yi "ɓulum". Kuskuren da aka fi yi shi ne ɗaga sanda da an ga fantsama. Bakin bas na da tauri, sai an ji nauyinsa a ja igiyar da hannu da ƙarfi ƙugiyar ke shiga.

Ba kuma a ƙasar Turawa kaɗai abin ya tsaya ba. A kogin Faro na arewacin Kamaru, wanda ke zuba cikin Binuwai, ana kama giwan ruwa da tsage da wannan dabarar a lokacin rani. Koton giwan ruwan yakan kai tsawon tafin hannu, da siffar kifi, na tsage kuma sai an ɗaura masa guntuwar waya saboda haƙora.